Rana da wata a jikin ledar magani

Jiya ɗiyata Hafsatu ta nuna min makarantu huɗu a wayarta. Karatun harhaɗa magunguna take so.

"Inna, wannan ta fi suna."

Na ce, "Ni dai nemo min inda mai ba da maganin nan ta asibiti a Gusau ta yi karatu. Lokacin jinyar babanki, da ta ga ba na jin Turanci, rana da wata ta zana min a ledar maganin, don kada in rikita na safe da na dare."

"Inna, ai ba haka ake zaɓa ba."

Wataƙila. Mai ba mu shawarar, babanta, ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ku masu ilimi, yaya ake gane makarantar da ke koyar da irin wannan?