Faifan Tsaya-Daidai

Tsaya-Daidai ake kiransa a unguwa, domin kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan tun yana saurayi da kyamara rataye a wuya. Mai hoto ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai sayar da katifa, da labule shuɗi da kujera ɗaya mai hannu, wadda rabin mutanen layin suka taɓa zama a kanta suna kokawa da ƙifta ido. Hoton makaranta, hoton neman aiki, na jariri, na ango da amarya, duk ta hannunsa suka bi. Da waya ta shiga aljihun kowa, ciniki ya yi ta janyewa kamar rafi da rani, har ya rufe shagon ya kwaso kayansa gida.

Abin da ya fi ji da shi cikin kayan shi ne kwamfutar, wata tsohuwa ta tebur, da ya girke a kusurwar falo kusa da keken ɗinkin matarsa. A cikinta ya tara aikin rayuwarsa: sababbin hotuna, da tsofaffin na fim da ya yi shekaru yana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya har bayansa ya sanƙare. Da ya gama sai ya zubar da fim ɗin, domin danshi ya riga ya fara cin su, kuma uwargida ta ce kwalayen sun zama gidan kyankyasai.

Babbar 'yarsa, mai aiki a kantin magani, ta sha gaya masa ya sayi faifan waje, irin wanda ake jonawa da igiya, ya kwafe komai a kai. Kullum amsarsa ɗaya ce, sai an kwana biyu. Ba gardama yake yi ba. Gajiya ce kawai irin ta wanda ya gama babban aiki, ba ya son a ce masa da saura.

Wata safiya kwamfutar ta fara wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, kamar ɓera a cikin kwali. Ya kashe ya kunna, ta tashi da ƙyar. Ya ce tsufa ne, mu ma haka muke tashi. Ya ci gaba da amfani da ita a haka, har ranar da ya kunna allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Ya naɗe ta da tsohon zani ya kai wa wani mai gyara da ke ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwa. Mai gyaran ya buɗe, ya ciro faifan ciki, wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ya kara a kunne.

"Baba, kana da kwafi a wani wuri?"

"Ai duk a nan suke."

"Baba, faifan nan tsufa yake yi ya mutu, kamar mutum. Kuma ba ya sallama. Ƙarar da ka ji, lokacin ne ya kamata ka kwashe kayanka."

Tsaya-Daidai ya san ihu bayan hari ne.

Mai gyaran ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceto fiye da rabi. Amma abin da ya dawo ya dawo a hargitse, ba suna, ba shekara, sai lambobi. Wasu hotunan rabinsu toka-toka ne, kai ya fito jiki ya ɓace.

Ana cikin haka matar wani tela da ya rasu ta yi sallama a gidan. Bayan gaisuwa ta ce ɗanta na fari ya girma, yana ta tambayar kamannin mahaifinsa, su kuma nasu hotunan ruwan sama ya lalata lokacin da rufi ya yaye. Ta tuna Baba ne ya ɗauke su ranar aurensu. Ya tuna shi ma, har ya tuna yadda telan ya yi ta gyara wuyan rigarsa. Ya ce ta ba shi lokaci. Ya bi hotunan nan kaf, fuska bayan fuska, har idonsa ya yi ja. Telan ba ya ciki. Da ta dawo ya gaya mata, sai ta gyara mayafinta ta ce ba komai, haka Allah ya so, har ta yi masa godiya. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Daga nan ya zama wani mutum daban. Ya sayi faifan waje guda biyu. Ɗaya yana cikin durowar kayansa, ɗayan ya kai gidan ƙanwarsa a can ƙarshen gari, don ko gobara ko ɓarawo kada su haɗu da duka. Ya sa wa kwamfutar na'urar riƙe wuta, saboda mai gyaran ya ce ɗaukewar wuta farat ɗaya na gajarta ran faifai. 'Yarsa ta ɗora wasu a ma'ajiyar intanet. Ya bar ta, amma bai taɓa yarda da ajiyar da ba zai iya taɓawa da hannu ba. In ya kwafa, sai ya buɗe kwafin ya tabbatar hoton na fitowa. Uwargida tana taka kekenta takan ce, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Ta ce yanzu kwamfuta ake fara gaisarwa da safe kafin ita.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ya ga cewa muddin hotunan a hannunsa kaɗai suke, to kansa ne zai ci gaba da ɗaukar kayan. Sai ya fara tantance fuskoki, yana bin masu su gida-gida da shago-shago, yana tura wa kowa nasa a waya. Wasu sun yi murna har da ƙwalla. Mai walda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa da ya ga kansa da suma. Wani kuma ya kalli hoton aurensa, auren da ya mutu tuntuni, ya ce Baba ya goge shi kawai. Wata ta ce wayarta ta cika, ya dawo wani lokaci. Da yawa sun tashi daga unguwar, ba wanda ya san inda suka nufa. Yakan dawo gida da ƙura a ƙafa, gwiwa na ciwo, ya zube kan tabarma bai ko cire hula ba.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, dole ya miƙa aikin ga 'yar. Ita ma da nata: tsayuwar kanti tun safe, ga yara, ga miji. Takan biyo bayan ta tashi aiki ta jona faifan, lokaci-lokaci ta kai wa goggonta ta karɓo ɗayan. Shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana sauraron takunta.

"Kin buɗe kin duba?"

"Na duba, Baba."

Yana jin nauyin muryarta, ya san wani lokacin ba ta duba ba. Duk da haka yakan ce Allah ya yi mata albarka, ta gaida yaran, ta bi a hankali wajen tsallaka titi.