Ƙamus, Autan Inna

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce in sassauta masa. A asibiti ma'aikacin jinya ne, a gida autan Inna, a layinmu kuwa Ƙamus ake kiransa, kuma ni na laƙaba masa sunan.

Tun yana yaro surutu gare shi kamar aku. Inna na yankan albasa, yana gefenta yana zuba, ita kuma tana biye masa. Da ya fara aiki ma bai daina ba. Ya dawo, ya cire takalmi, ya zauna bakin gadonta, ya auna mata jini, su yi ta hira har in ce sun cika min kunne.

Sai wani asibiti a ƙasar waje ya ce zai ɗauke shi in ya ci jarrabawar Turanci. Ya zauna, ya faɗi. Ya sake zama, ya sake shan ƙasa. Malamin da ke yi masa lesin, Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, ya ce kalmomi ne suka yi masa ƙaranci, kuma maganin ɗaya ne: ya kulle bakinsa daga Hausa har ranar jarrabawa. Sakaran ya riƙe maganar tamau.

Ya bi gidan nan da takardu da gam. Ƙofa, firji, fanka, butar shayi, har sandar Inna, kowanne ya liƙa masa sunansa na Turanci. Kunnuwansa kullum toshe da abin sauraro, yana safa da marwa yana maimaita kalmomi. Ka gaishe shi, ya amsa da Turanci. Ka zage shi ma ya amsa da Turanci, ni kuwa na zage shi ba adadi.

Na ce, "Kai, Inna ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba. Da wa za ta yi hira?"

Ya nuna min kalanda, ya wuce abinsa.

Inna ce ma ke kare shi. "Ƙyale shi, 'yar nan. Mai nema yana tare da samu." Amma ina gani da yamma tana gyara masa wurin zama a bakin gado, ya wuce ɗakinsa, ta mai da matashin inda yake. Abin yana ƙona min rai.

Ranar da abin ya faru ina shagon ɗinki. Maƙwabciyarmu ce ta shigo aron tsintsiya da safe, ta ga komai. Ta ce Inna ta kamo gefen rigarsa, ta ce, "Auta, hannun nan ya yi min nauyi. Harshena ma haka." Maganar tana fita a lauye. Shi kuwa ya zare abin kunne guda, ya dafa kafaɗarta, ya yi mata wani dogon Turanci, ya nuna agogo, ya fice lesin.

Da la'asar na dawo na tarar da ita a ƙasa, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Likita ya faɗa a gabansa cewa da an kawo ta da safe, da an ceci bakin. Ba sai an gaya masa ba. Shi ne fa mai tara dangin marasa lafiya yana ce musu in tsoho ya fara lauya magana, a ruga da shi asibiti. Da ya tsaya ya saurari uwarsa, ya amsa mata da harshenta, da ya gane.

Ya ci jarrabawar, ai dole. Ranar da sakamako ya fito ya bi gidan yana ɓamɓare takardunsa. Da ya kai hannu kan sandar Inna na fizge, na ce takardar da ke jikinta tana nan.

Bai tafi ba tukuna. Kullum yamma yana bakin gadonta, Hausa na zuba kamar an kunce famfo: labarin asibiti, tsofaffin barkwancinsu, neman gafara. Ita sai kallo. Jiya ta yi ta motsa leɓe, murya na fita ba kalma, hawaye na gangarowa. Ya kai kunnensa bakinta, ya daɗe, sannan ya waiwayo.

"Yaya, don Allah, me take cewa?"

Na ce, "Je ka duba ƙamus."