Ranar da Malama Ramatou Ta Nemo Gabas a Yamma

Ƙarfe shida da rabi na safe, in ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai zuwa unguwar Panyu, nan Guangzhou ta ƙasar Sin, za ka iya ganin wata mata doguwa da mayafi ruwan toka, tsaye kusa da ƙofa ko da akwai wurin zama. Kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ita kuwa mutane take kallo. Wane ne ya shiga a wace tasha, da wane irin takalmi, a ina kuma zai sauka? Can sai ta ciro ɗan littafi daga jaka ta rubuta layi ɗaya, ta mayar. Wannan ita ce Malama Ramatou, mutuniyar Damagaram. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar 'ya'yan baƙi, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma gida.

Abin da take koyarwa labarin ƙasa ne, amma ba na duwatsu da koguna ba, na mutane. Me ke tayar da mutum daga garinsu? Me ya sa kasuwa ta zauna a nan ba ta zauna a can ba? Karatun 'yan jami'a ne ake ba yaran sakandare. Su yi shekara guda a kansa, su zauna jarrabawa a watan Mayu, wanda ya ci kuma jami'a ta ɗauke masa wannan darasin. Littafin kansa ya kai kaurin bulo.

Waɗanda suka zauna ajinta sun ce ba kullum ake buɗe bulon ba. Ta taɓa kwasar su zuwa kasuwar tufafi ta Shahe, ta sayi riga ɗaya, ta ce a bi sawunta. Suka bi ta baya har shagon ɗinki a Panyu, suka bi ta gaba har bakin ruwa a Nansha inda ake loda kwantena, daga nan sai a kan taswira har Kantin Kwari. Ta kuma sa kowa ya tare ɗan kasuwa ɗaya ya tambaye shi, “Wa ya kawo ka garin nan?” Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce shi ya kawo kansa ba. Wani yayansa, wani maigidansa, wani abokin ɗaurin auren ƙanensa. Sai da suka gama ta nuna musu dogon sunan da littafi ya ba abin, ta ce, “Kakanninku sun san shi tun kafin a buga littafin. Me kuke zato ya kafa zango?”

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar Zulaiha.

Zulaiha 'yar Alhaji Ilu ce, Bakanon da ke aika atamfa da takalma gida. A nan aka haife ta, kuma ita ce ta fi kowa ɗaga hannu a ajin Malama. Bara, saura mako biyar jarrabawa, kakarta Hajiya Rekiya ta zo daga Kano a duba mata ido. Ranar da ta sauka, ɗanta ya shimfiɗa mata darduma yadda ake shimfiɗawa a nan. Washegari tsohuwa ta leƙa taga daga hawa na sha tara, ta ga inda rana ta ɓullo, ta yi salati, ta juya dardumarta can. Ai salla gabas ake kallo, wannan ko yaron goye ya sani.

To, ga wanda bai taɓa zuwa ba: mu a Guangzhou yamma muke kallo. Makka tana yamma da mu. Duk Bahaushen da ya sauka sai abin ya ɗaure masa kai kwana biyu, don a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce.

Alhaji a waje yake wuni. Matarsa ta gani, amma wace suruka ce za ta gyara wa uwar miji salla? Kwana tara ana haka. Ran na goma Zulaiha ta dawo makaranta da wuri, ta tarar da kaka ta sallame la'asar, ta ce, “Hajiya, ai baya kika ba Ka'aba.”

Gidan ya ɗauki zafi. Alhaji ya dawo ya nuna wa mahaifiyarsa allurar alƙibla a waya, ta ce shekararta saba'in tana salla, ba waya ce za ta koya mata ba. Ta tambayi inda yarinya ta samo wannan magana, aka ce a ajin labarin ƙasa. Ta ce to karatun da ke juya gabas ya koma yamma, jikarta ta gama shi daga yau. Alhaji ya san gaskiya, amma uwa ta yi magana. Da safe ya kira makaranta ya ce a cire sunan Zulaiha.

Wata malamar da takarda za ta rubuto. Malama Ramatou kuwa ran Asabar da hantsi ta yi sallama a gidan, da ledar dabino a hannu, ba littafi ba taswira. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa.

“Ke ce malamar?” in ji Hajiya. “Daga ina?”

“Damagaram, Inna.”

“Shi ya sa! Yo in ba Badamagare ba, wa zai ɓatar da gabas?”

“Inna, ai mu muke nuna wa Kanawa hanya tun da can. In ba mu, da har yanzu kuna kewaya Dala.”

Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, saboda haka tsohuwa ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta shiga ba da labarin zamanta a garin nan. Kalmar Sinanci ɗaya ta koya, “meyo”, wato babu, don ita ake ta faɗa mata a kanti. “Gero meyo, daddawa meyo, yanzu kuma an ce min gabas ma meyo!”

Malama ba ta musa ba. Sai ta tambaye ta ko ta sauke farali. Hajiya ta ce sau biyu.

“Ni ban taɓa zuwa ba, Inna. Akwai abin da nake son sani. A Madina, in kin tsaya a sahu da hantsi, ta ina rana take dukan ki?”

Hajiya ta ɗaga hannun dama, ta sauke. Ta ɗaga na hagu a hankali. “Ta nan. Har nakan ja mayafi ta wannan gefen.”

“Ba ta gaba ba?”

“A'a… ta hagu.”

“A Harami fa?”

“Can ai kewaye ake yi. Kina salla kina hango fuskar wani.”

Malama ta jawo faranti, ta kifa kofin shayi a tsakiya ta ce ga Ɗakin Ka'aba. Ta miƙa wa Hajiya dabino uku. Tsohuwa da hannunta ta ajiye Kano, ta ajiye Madina. Na ukun ta riƙe shi tana juyawa, ta tambaya awa nawa ma suka yi a sama bayan sun tashi daga Habasha. Aka ce goma da wani abu, kuma duk wajen fitowar rana aka nufa. Ta kai dabinon can ƙetaren kofin, ta ajiye, ta zuba masa ido.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ashe wuce ta muka yi.”

Can ta ɗago. “To ita 'yar banzar me ya hana ta faɗa min haka?”

“Laifina ne, Inna. Na koya mata amsa, ban gama koya mata tambaya ba. Ki ba ni ita in ƙarasa.”

Aka kira Zulaiha ta durƙusa ta ba da haƙuri. Hajiya ta tambayi hukuncin sallolinta na kwana tara, Malama ta ce wannan ba fanninta ba ne, a tambayi liman ran Juma'a. An tambaya, amma tsohuwa ta rama abinta duk da haka, don hankalinta ya kwanta. Litinin Zulaiha ta koma aji. Mako na gaba Hajiya da kanta ta bi ta, da bandeji a ido ɗaya, ta ba yara labarin mahaifinta da ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan, ya yi shekara bakwai a hanya yana noma yana gaba. Zulaiha na fassarawa, 'yan Koriya da 'yan Yaman na rubutawa. Da sakamako ya fito a watan Yuli, Zulaiha ta ci.

Malama, ke ce kika shiga gidan da aka rufe miki ƙofa, kika fito ba ki kunyata kowa ba. Uwar tambaya, kin san amsar tun kina kan matakala, amma kika bar tsohuwa ta ajiye dabinonta da kanta. Mu da ba mu yi nisa a boko ba, a wurinki muka ji cewa hanyar da muka biyo har muka iso nan ita ma karatu ce, har jami'a ake yin ta. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya kai ki gida lafiya. Masu ilimi a cikinmu kuma, don Allah in kun tarar da wani ya juya darduma, ku fara tambayarsa inda ya taɓa zuwa.

Jiya Zulaiha ta kai wa Malama saƙon murya daga Kano. Hajiya Rekiya ce, tana cewa, “Ki gaya wa malamarku, shekara sha ɗaya tana kallon yamma. In ta isa Damagaram ta tuna ta juya dardumarta. In kuma gabas ɗin ta ɓace mata, ta kira ni, ni na san inda take.”