Sunan da Inna ba ta faɗa ba

Shekarun baya can, ina saurayi mai ji da kansa a Jidda, na yi wa wani injiniya ɗan Kanada aikin direba a unguwar Bagdadiyya. Matarsa marubuciya ce, littattafanta duk a kan mutanen da suka bar ƙasarsu suke. Larabcinta gurgu ne, ni kuma Turanci ko na sayen burodi ba ni da shi, amma muna fahimtar juna.

Wata rana a hanyar Abhur na ba ta labarin mahaifiyata, yadda ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za ta hajji, ɗanta na fari ya ɓace a wata kasuwa a Sudan. Ni a nan Jidda aka haife ni, ban taɓa ganinsa ba. Matar ta ce in kai ta gidanmu. Ta ce ana fassara littattafanta da Larabci, in ta sa sunansa da na garinsu, wataƙila wani ya karanta ya gane shi.

Inna ta dafa mata shayi, ta faɗi komai ina fassarawa: kasuwar, tabon ƙuna a hannunsa, watannin da suka yi suna cigiya. Sai aka zo kan suna. To, matan zamanin Inna ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun tasowata "wancan yaron" kawai nake ji, mahaifinmu kuma ya rasu ban taɓa tambayarsa ba.

Inna ta sunkuyar da kai ta daɗe. Wallahi na ga bakinta ya fara motsi. Ni kuwa da shegen surutuna sai na kwashe da dariya na ce, "Yau dai za mu ji Inna ta kira ɗan fari."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Halas, ya isa. Ka ce mata ta sha shayinta."

Na yi ta lallashi daga baya, kullum sai ta ce wata rana. Aikin maigidana ya ƙare suka koma ƙasarsu. Bayan hajji biyu Inna ta rasu.

Littafin ya iso ta gidan waya. Abokina mai jin Turanci ya karanta min babin. Komai na nan, har tabon hannun, amma yaron ba shi da suna. Ya ce an yabi littafin sosai a can.

Yanzu na tsufa, kuma abin bai sake ni ba. Duk dattijon da na gani daga Sudan sai na saci kallon hannunsa. In na ɗaga hannu zan yi wa yayana addu'a, ni ma "wancan yaron" nake cewa, don ba ni da abin da zan kira shi.