Waƙar garin Abi da ruwa ya ci

Kakata ba ƴar Gaya ba ce, ba ma ƴar Nijar ba ce. Kakana ya je karatun likitan dabbobi a Kazan, can ƙasar Rasha, ya dawo da takardar shaida da mata. Sunanta Kulsum, ƴar ƙabilar Tatar, Musulma tun kaka da kakanni, abin da mutanen unguwarmu suka ƙi yarda da shi har sai da suka ji ta tana karatun sallah. Mu jikoki Abi muke ce mata, wato kaka a harshensu.

Lokacin sanyi, bayan magariba, mukan kewaye murhunta a tsakar gida tana dafa shayi da madara. Muna makyarkyata, ita tana dariya. "Wannan ne sanyi? Ku da ba ku taɓa ganin kogi ya daskare doki ya bi ta kansa ba!" Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, daga inda ruwa ke zama dutse." Mu ce ta zo mu ji ta.

Tatsuniyar da na fi so ba ta da gizo ba ta da kura. Labarin wani ƙauye ne a bakin babban koginsu. Tun zamanin da sarkin Rasha ya ci birninsu da yaƙi, in ji ta, mutanenta suka saba ajiye tarihi a cikin waƙa. Gobara, yunwa, yaro ya nutse, kowane abu sai a yi masa baiti. Wata rana hukuma ta ce an datse kogi, ruwa zai hau, kowa ya tashi. Mutane suka kwance gidajensu na katako suka hau tudu, suka bar masallaci da kaburbura. Wata mata ta tsaya a kan tudun ta shirya waƙa, tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya da sunan masu su, don kada a manta wa ke maƙwabtaka da wa. Sai da na yi wayo na gane matar mahaifiyar Abi ce, kuma a duniya Abi kaɗai ta rage da waƙar.

Kafin ta rera, takan ciro wani ɗan ƙarfe daga bakin zanenta ta kafa a haƙora tana kaɗawa. Kubiz take ce masa, mu kuwa bambaro muka sani. Cikin jikoki ni ta zaɓa ta koya wa waƙar. "Hadiza, ke ce mai kunne. Sauran nan ciki kawai gare su." Ba ta ba ni baiti sabo sai na baya ya zauna daram. In na yi gaggawa ta ja min kunne: "Ba tashar mota ba ce nan, ja numfashi!" A cikin waƙar mun taso daga gidan liman, mun bi layin masu jima, mun iso gidan wata gwauruwa mai kiwon dinya. Rabin gari ke nan.

To, a nan aka yi mana ɓarnar. Kakana ya rasu tuni, ƙanensa Alhaji Hamidu ke riƙe da gida. Wani abokin cinikinsa mai manyan motocin Kwatano ya zo, aka shigo da shi ya gai da tsohuwa, ya tarar tana cikin waƙa ido rufe. Mutumin kirki ne, wallahi, abin da ya sani ya yi. Ya zaro takardar kuɗi ya manna mata a goshi, ya ce, "Kai, madalla da zabiya! A sa sunana a ciki mana!"

Abi ta buɗe ido, takardar ta faɗo a cinyarta. A daidai lokacin sunan matattu take kira.

Ni na zaci Alhaji zai gyara wa baƙonsa zance. Ina! Da ya raka shi ya dawo, kan Abi ya sauke. "Yaya Kulsum, gidan nan ba gidan maroƙa ba ne. Gobe a kasuwa a ce matar yayana ake yi wa liƙi? Don Allah a bar waƙar nan."

"A garinmu uwar liman ma tana yi," in ji ta.

"Nan Gaya ne."

Abi ta miƙa masa takardar, ta kwashe kofunanta. Na bi ta ɗaki ina roƙo ta ci gaba da koya min a ɓoye, ta ce, "Sunan mutanen kirki ba a faɗarsa a ɓoye kamar kayan sata." Taurin kai gare ta ita ma, Allah Ya jiƙanta, kuma har yau ina jin haushinsu su duka ukun, ita da Alhaji da baƙon. Tatsuniya ta ci gaba, ta gizo da ta koya a bakin maƙwabta, amma waƙa ba ta sake fitowa ba har ta koma ga Allah.

Da na girma na nemi sauran. Na yi ta tura muryata ta waya ga mutanen Kazan. Wata malama ta saurara ta yi kuka, ta ce salon nasu ne sak, amma wannan waƙar ta gida ɗaya ce, ba wanda ya taɓa ɗaukarta. Abin da ke ci na shi ne babu mugu a cikin labarin. Baƙo ya yi karamci irin namu, Alhaji ya kare mutunci irin namu, shi ke nan rabin gari ya tafi.

Shekaranjiya na rera wa ɗiyata har gidan mai dinya, nan na tsaya. Ta ce, "Inna, gidan wa ke gaba?" Gidan su Abi ne, wannan na sani. Ban da nata, sunan kowa a cikinsa ban sani ba.