Kwanon da Aka Ware wa Baba

Ƙanena ya yi shekaru a Faransa yana karatun wata dabbar teku mai kama da kifi, wai ita dofin. Ya busa mata usur, in ta yi abin da yake so ya jefa mata kifi: aikin ke nan. Ni lokacin ina bin kasuwannin Arewa ina sayen wake. Da ya gaji da dabba sai ya juyo kan mutane, wai yanzu iliminsa shi ne yadda ake sa mutum ya bar abin da ke cutar da shi. Wani furoje na kiwon lafiya ya ɗauke shi aiki a Yamai.

Shekarar da likita a Dogon Dutsi ya ce Baba na da hawan jini, sai ga ƙanen nawa a garinmu Kore Mairuwa da mota. Baba kuwa tun tasowata bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Bayan magariba tsofaffin unguwa ke cika zaurensa, akushi ɗaya, ana ci ana tsokanar juna.

Masanin namu ya sayo ɗan kwano mai murfi. Ya ce a riƙa yi wa Baba miyarsa daban, ba gishiri ba dunƙule. Ran da ya cinye, a ba shi dabino, ladansa.

Na ce, “Kai, a garin nan wa ake ware wa kwano in ba mai tari ko kuturu ba?”

Ya ce, “Yaya, hali duk ɗaya ne, na dabba da na mutum. Zai saba.”

Ranar farko wani tsoho, abokin Baba tun na kaciya, ya leƙa kwanon ya ce, “Malam, mi likita ya gani da ba a hwaɗa muna ba?” Baba ya yi dariya, amma bai buɗe murfin ba. Kafin kaka kowa ya sami uzuri, cin tuwo ya koma zauren liman.

Jinin ya sauka. Ƙanena ya auna, ya yi murna, ya koma Yamai. Na ji har a taro yake ba da labarin.

Ni na bi tsofaffin gida gida, na rantse musu ba cuta ce da ake ɗauka ba. Biyu suka dawo, suka zauna ɗan nesa da tabarmarsa. Baba ya dube su, ya ce a mayar da tuwon cikin gida, ya ƙoshi. Bai sake cin abinci a zaure ba.