Ergash da Ƙarfen da Ya Gasa a Tanderun Uwarsa

Ergash ɗan baffana, ko daga bayan gari mota ta yi tari zai gaya maka abin da ke damunta. Ba bakanike ba ne. Kankana yake sarowa a gonakin ƙauyenmu ya kai kasuwar birnin Kokand. Amma tun da ya taɓa riƙe wa marigayi mahaifinsa sifana a ƙarƙashin taraktar gonar auduga, ya ɗauka duk ƙarfen duniya ɗan'uwansa ne. Motarsa ta girmi aurensa, ta girmi gashin bakinsa, wasu ma sun ce ta girmi titin da take bi, kuma bai taɓa yarda hannun wani ya taɓa ta ba.

Ana gobe za a je karya gurasar baikon ƙanensa Davron, tayar baya ta kama kuka kamar an kulle saniya a but. Motar ce kuwa za ta kai dattawa da gurasar zuwa gidan su Mohira, yarinyar da Davron ya rame a kanta har wandonsa yana zamewa. In aka karya gurasa gaban iyayenta kowa ya ci, magana ta ƙullu.

"Yaya, don Allah mu kai ta gareji," in ji Davron.

"Gareji? A kan boris? Wuce ka yi aski, kai kamar tsintsiya."

Ya ɗaga ta da jak, ya cire taya, ya fitar da mataccen boris da guduma. Sabon ya ƙi shiga mazauninsa. Ergash ya san dabarar tsofaffin direbobi: a sanyaya boris ya tsuke, a gasa mazaunin ya buɗe. Ya cusa boris a firij tsakanin naman rago da man shanu. Ya waiga neman wuta, idonsa ya faɗa kan tanderun mahaifiyarsu Norbibi, da sauran garwashi a ciki, ita kuma ta shiga maƙwabta aron faranti.

Tanderun nan ko matar Ergash ba ta hura shi sai da izini. Gurasar Norbibi ake kai wa mai jinya a unguwa, ya tashi zaune ya nemi ƙari.

Ya rataya ƙarfen mazaunin boris da waya ya zura a tanderun. Bai goge tsohon giris ba, robar bakinsa ma ya manta da ita. Hayaƙin da ya tashi, tattabarun unguwa sai da suka canja ƙasa. Amma boris ya shige sumul. Ergash ya yi fifita, ya ƙona ɓawon albasa a tanderun, ya shinshina ya ce shi ke nan. Hancin da ya wuni cikin giris, me zai ji?

Norbibi kuwa mura ta toshe mata nata hancin. Da safe ta manna gurasarta, ta fito jajir kamar kumatun jariri, ta naɗe ta a farin ƙyalle. Ta baiko ce, ba mai gutsura kafin a kai. A hanya dattawa suka ji wari suka ɗora wa motar laifi, ita da ta saba.

A gidan su Mohira aka zuba koren shayi. Kakanta Holmat-ota, wato Baba Holmat, ya yi addu'a, ya karya gurasa, aka rarraba har ɗakin mata. Kowa ya kai baki. Fuskoki suka yamutse. A al'adarmu kuwa gurasa ba a tofar da ita. Ko ɓarɓashi ya faɗi sai an ɗauka an sumbata. Haka masu farin gemu suka zauna suna tauna ƙonanniyar taya, ƙwalla na zuba, kowa yana ƙirga itacen rufi.

Daga ɗakin mata muryar gwaggon Mohira ta keto bango, tana kiran Norbibi da opa, wato yaya.

"Norbibi-opa, wannan ce gurasar da aka cika mana kunne da ita? Gidan da za a koya wa 'yarmu girki ke nan?"

Ergash ya ji ana cin fuskar uwarsa a kan laifinsa. Abin ya fi mari. Mahaifin Mohira ya ajiye kofinsa ya fara cewa ai ba gaggawa ake yi ba, ko za a ɗan sake shawara. Davron ya koma fari fat.

Ergash ya miƙe, hannu a ƙirji, ido a ƙasa.

"Ota, laifina ne. Ƙarfen mota na gasa a tanderun."

Tsohon ya kama kunne, don ba ya ji sosai. "Me ka gasa, ɗana?"

"Ƙarfen mota, ota."

"Ɗaga murya, ba da matarka kake hira ba."

Sai da ya faɗa da ƙarfin da yake tallar kankana. Matan ɗaki suka ji, maƙwabta suka ji, mai wucewa a keke ma ya taka burki.

"A tanderun uwarka?"

"Eh, ota."

"Da ranta?"

"Da ranta, ota."

"To motar ta gyaru?"

"Ta gyaru."

"Madalla, ko ba komai wani ya ci riba." Holmat-ota ya kurɓi shayi ya juya ga ɗansa, mahaifin Mohira. "Kai kuma zauna daidai. Na karya, na haɗiye, kuma da wahala na haɗiye. Ba zan sha wannan azabar a banza ba. Yarinya tasu ce." Ya nuna ragowar da haɓa. "Wannan ba a zubarwa. A naɗe wa mai gashin ƙarfe kayansa."

A hanyar gida Davron yana ta murmushi shi kaɗai. Norbibi ta zauna a baya da ƙullin a cinya, ba ta ce uffan ba, motar ma don mugunta ko ƙis ba ta yi ba. Suna shiga ta miƙa wa Ergash gudumarsa ta nuna tanderun, wanda mijinta ya kafa mata tana amarya. Ya fasa tana tsaye tana kallo, shi bai iya kallonta ba.

Gurasar kuwa safe da yamma take ajiye masa ita, ta zauna gabansa tana zuba shayi, yana jiƙawa yana tauna, 'ya'yansa suna leƙe. Ƙato mai gashin baki, kunnuwa ja zur. Ranar da ya haɗiye loma ta ƙarshe ne ta buɗe baki.

"Gobe ka je wurin maginin tanderu. Da ƙafa."